Rumfar da Aka Kafa Mini da Likkafanina

Hindawiyya, Makka
Cikin watan Safar

Zuwa ga ƙanwata Mujahida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, tare da addu'ar Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Abdulwadud da 'ya'ya da jikoki baki ɗaya. Yaya damina a Kano? An ce mini bana ruwa ya yi yawa har katangar bayan gidanku ta zauna, Allah Ya tsare gaba, Ya sa iyakar asarar ke nan. Ita kuma ƙafar nan da ke damun ki ina fatan ta yi sauƙi, kuma kina shafa man da na aiko miki, ba ki bi maƙwabta kin rabar ba kamar yadda kika saba. Mu nan lafiya lau, sai zafin Makka da kika sani. Alhazai sun watse, unguwa ta dawo hayyacinta, 'yan tasi sun rage mana ihu. Babbar 'yata da iyalinta suna can Ka'akiyya lafiya, jikata Tahani kuma ta kusa sauka, a sa ta a addu'a.

Na saurari saƙon muryar da kika aiko mini, na sake saurare, kuma da gangan ban ba ki amsa ta waya ba. Idan na buɗe baki a waya ihu zan yi, gidan nan namu kuwa ko tari ka yi sai na ƙasa sun ce maka sannu. Shi ya sa na nemi biro da takarda, zan ba Minnatullah, ɗalibar nan 'yar unguwarku da ke karatu a nan, ta kawo miki hannu da hannu idan ta tashi tafiya hutu. Kin ce Marwan ya kira ki, wai na daina amsa gaisuwarsa, na daina cin abin da ya aiko. Kin ce girma ya kama ni, bai dace in yi gaba da autana a kan yadi ba. Yadi, Mujahida? Har da ke? To shi ya faɗa miki nasa, ki gyara zama ki ji nawa. Abin da yaron nan ya salwantar mini a yawon tsibiran da ya ja ni, likkafanina ne, kuma bai dawo ba.

Ba ki taɓa ganinsa ba, amma kin san labarinsa. Shekarar da muka iso Makka ni da Malam, ina amarya, ko ɗakin kirki ba mu da shi, abin da ya fara saya bayan tukunya da tabarma shi ne bandir ɗin farin alawayyo. Na kumbura baki, na ce ana saya wa amare atamfa, ni an sayo mini kayan kabari. Ya yi dariya ya ce wai tunda tare muka zo, yana so mu yi anko ranar tafiya. Ya auna tsawonsa, ya auna nawa, ya sa haƙori ya ɓara bakin yadin ya yage shi gida biyu, kowane rabi kuma muka raba shi falle-falle. Shi ya yi ta jido zamzam daga Harami a kafaɗarsa yana hawa tudu da shi, muka wanke yadin a baho, yana riƙe da baki ɗaya ina riƙe da ɗayan muna matsewa. Duk shekara idan Sha'aban ya kama sai in fito da su su sha iska, in turara su da sandal, in ninke in mayar. Da Malam ya rasu a nasa aka naɗe shi, Marwan yana cikin waɗanda suka yi naɗin, aka sallace shi a Harami aka kai shi maƙabartar Shara'i. Nawa ya rage a akwati yana jiran ranarsa.

To, bayan aikin Hajjin bana sai ga Marwan ya zo mini, ya yi baƙi ya rame saboda tsayuwar rana a Muzdalifa, kin san aikinsa na kula da motocin alhazai ne. Ya miƙo mini waya yana nuna mini hotunan ruwa shuɗi da farin yashi, wai ƙasar Tailan ce, wai ya samu hutu zai kai mu canjin iska, ni da matarsa Dalal da 'yarsu Raghad. Na ce masa mutane gona suke sayarwa su zo inda nake zaune, ni ce zan tashi in je kallon ruwa? In teku yake so ga ta nan a Jidda. Ya ce wai waccan daban, can tsibirai ne, ana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Suka sa ni gaba su uku, har likita suka jawo cikin maganar, wai yashi mai ɗumi yana gyara gwiwa. Tun rasuwar Malam ban wuce Madina da Ɗa'ifa ba, don tsoron kada ajali ya riske ni a wata ƙasa, amma ganin yadda yaron ya ƙwallafa rai sai na ce to. Na sa likkafanina a can ƙasan akwati ban faɗa wa kowa ba, domin shi Marwan da zarar an ambaci mutuwa sai ya tuna yana da kira a waya ya fice.

Mujahida, in wani ya ce miki wannan yawon hutu ne, ki ce yayarki ta ce ƙarya yake. Ba a barin mutum ya zauna. Da ka fara sanin hanyar banɗaki a wannan otal, sai a ce tattara, kwalekwale yana jira. Kwalekwalen kuma dogon hanci gare shi da inji mai kuka kamar injin niƙa, ba ya matsowa gaɓa, sai ka kutsa cikin ruwa kafin ka hau. Ki dube ni da shekaruna, abaya ta jiƙe har gwiwa ta kwashi yashi, an ɗaura mini wata riga mai kumburi ruwan lemo a kai don kada in nutse, wani mai ɗan tuta yana hura usur, Marwan kuma yana ta yalla yalla ya Ummi a kunnena, wai in yi sauri. A yi ta tafiya ruwa yana ɗaga mu yana bugawa da ƙasa, a sauka, in tambaya me muka zo gani, a ce yashi da ruwa. In ce wanda muka baro fa? A ce wai na nan ya fi kore. Sunayen wuraren ba su zauna a bakina ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Tsibirin Birai, inda wani ɗan banzan biri ya fizge ledar dabinon da na taho da shi tun daga gida, ya hau dutse yana ci yana kallona. Akwai Tsibirin Kilishi, inda maza da mata suke kwance a jere kusan tsirara, sun shafe jiki da mai suna gasuwa a rana, su juya wannan gefe su juya wancan. Ban san inda zan sa idona ba, sai na yi ta kallon ƙafafuna ina istigfari.

Har salla sai da ta zame mini aiki. Ni da nake leƙa taga in hango hasumiyar agogo in san inda Ka'aba take, rabona da tambayar alƙibla tun ina budurwa. Asubar farko jikina ya koma ɗabi'ar Kano, na fuskanci inda rana ke fitowa na tayar da salla. Ina sallamewa Dalal ta kama kafaɗuna a hankali ta juya ni baya, wai a can alƙibla tana wajen faɗuwar rana ne. Na sake sallar ina jin kamar duniyar ce aka kifa. Abinci kuwa komai da sukari da ruwan kwakwa, har miyar kifi, kuma kullum sai an yi tambaya an sake tambaya ko na halal ne. Ba zan yi wa Allah butulci ba, na ga abin da ya sa na yi tasbihi. Akwai wurin da ruwa ya yi garau har kana hango ƙasansa, ga kifaye masu launin atamfa suna yawo ƙarƙashin kwalekwale. Na daɗe ina kallonsu. Su kuwa yaran ban ga sun kalli tekun da idonsu ba, ta cikin waya suke kallonta.

Ranar da abin ya faru, an ce za a kai mu wani ɗan tsibiri na yashi zalla, wanda sai ruwa ya janye yake fitowa, babu itace babu ɗaki. Aka ce a bar akwatuna, a ɗauki ƙaramar jaka kawai. Ni kuwa tun farkon tafiyar na ƙi zama a kan tawul ɗin otal, don na ga irin jikin da ake shimfiɗawa a kansu. Ashe ina banɗaki ina alwala Dalal ta buɗe akwatina tana nemo mini abin shimfiɗa, ta tarar da farin ƙyalle a ninke yana ƙamshi, ta ɗauka zanen gado ne na taho da shi daga gida saboda ƙyanƙyamina, ta cusa a jakarta. A hanya teku ta yi mana rashin mutunci, na yi amai har na galabaita. Cak suka ɗauke ni suka kwantar a kan yashi, rana tana dukan tsakar kaina, idona a rufe saboda jiri. Can sai na ji inuwa ta sauko mini. Masu kwalekwalen ne suka kakkafa sanduna suka ɗaura ƙyalle a sama. Wallahi har albarka na sa wa wanda ya kawo dabarar, na ce Allah Ya yi masa inuwa ranar da babu inuwa, barci ya ɗauke ni.

Ƙamshi ne ya tashe ni, ƙamshin sandal ɗina. Na buɗe ido na ga farin yadi yana kaɗawa a samana, bakinsa babu kalmasa, zare ya ɗan warware a inda haƙorin Malam ya ɓara. Ina kwance ƙarƙashin likkafanina, Mujahida, da raina. Na juya kai, sai ga wani fallen a shimfiɗe a ƙasa, an jera gasasshen kifi da abarba a kai, jar miya ta zube ta yi taswira, ƙafar Marwan jiƙaƙƙiya tana kan gefensa. Ƙaramin fallen da za a rufe mini kai da shi kuma yana hannun Raghad, ta ɗaga shi sama iska tana kaɗawa ana ɗaukar ta hoto. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da aka ɗauko a hannu. Na yi salati da ƙarfi, na finciko yadin, sandunan suka zubo, kifi ya watse, mutanen da ke gasuwa a gefe suka tashi zaune suna kallon tsohuwa ta haukace.

Da na faɗi abin da yake, Dalal ta durƙushe tana kuka tana goge hannuwanta da yashi, Raghad ta saki nata kamar ta riƙe wuta. Ban riƙe su a zuciya ba. A nan Makka aka haife su, yanzu kuma a wajen wankan gawa ake ba da likkafani, ba su taɓa ganin an ajiye shi a gida ba. Amma shi Marwan fa? Ya waiga ya dubi mutane, ya yi wata 'yar dariya ta jin kunya, ya matso yana ce mini halas ya Ummi, ma'alesh, wato ya isa haka, in yi haƙuri, in rage murya ana kallonmu. Wai yadi ne kawai, in mun koma zai sayo mini bandir guda, zamzam kuma ga shi nan a galan a kowane kanti. Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai har yau. Ɗan da na haifa, wanda ya riƙe kan ubansa a cikin ɗan'uwan wannan yadi, shi ne yake jin kunyar masu ɗan kamfai fiye da yadda yake jin zafin abin da aka yi mini.

Duk da haka na haɗiye. Na tattara fallayen nan a jiƙe, da yashinsu da ƙarnin kifinsu, na ninke na rungume a cinyata har muka isa tsibiri na gaba. Na ce a raina miya ce, za ta fita, in Allah Ya mayar da ni Makka zan wanke kayana da hannuna da zamzam, in turara, shi ke nan. Da ya bar ni, da zancen ya mutu a nan. Na ƙulle su a leda na sa a cikin kabad. Washegari da safe suka lallaɓa ni na sauka karyawa, shi kuma ya koma ɗakina ya ɗauki ledar ya jefa a buhun wankin otal, wai yana so ya ba ni mamaki in gan shi fes a goge. Bai tambaye ni ba. Bai ma tambayi mutanen otal ɗin yadda suke wankinsu ba. Ashe a tsibirin ba a wanki, duk wani farin ƙyalle tattara shi ake yi a zuba a jirgin ruwa a kai babban gari, a haɗa da zannuwan gadon sauran otal-otal a watsa a manyan injuna.

Da na buɗe kabad na ga wayam, na sauka da ƙafafun nan nawa marasa ƙwari har wajen masu karɓar baƙi. Wata yarinya ta haɗa tafukanta tana ta murmushi tana sunkuyar da kai, ni ina magana da Hausa da Larabci, ita tana amsawa da abin da Allah kaɗai Ya sani. Na fita har bakin gaɓa inda jirage ke tsayawa, aka nuna mini wani ɗigo can nesa a kan ruwa aka ce shi ne jirgin wankin. Na ce to a nan zan zauna har ya dawo. Marwan ya ce ba zai yiwu ba, akwai sauran tsibiri ɗaya, sannan ga jirgin sama ba ya jira. Sauran tsibiri! Har a lokacin lissafin yawonsa yake yi. Manajan otal ɗin ya yi alkawari da hannu a ƙirji cewa za su nemo su aiko har Makka. Tsibirin ƙarshen nan ban san kalarsa ba, don ban fita daga ɗaki ba, kuma daga can har Jidda ban ce wa Marwan uffan ba.

Bayan mun dawo da 'yan makonni, ina zaune da maƙwabciyata Hajiya Haifa muna shan shayi, sai ga shi ya hauro bene da gudu yana haki, da kwali a hannu, bakinsa har kunne, wai albishirinki ya Ummi, ya iso. Har na fara jin kunyar fushin da na yi. Na yage kwalin. Zannuwan gado ne, Mujahida, sababbi ƙal, an yi musu kalmasa, an ɗinka hoton bishiyar kwakwa a kusurwa, har da rigar filo. A sama an ɗora wani kati mai fure, Marwan ya karanta da ƙaramar murya, wai suna ba da haƙuri ba su gane namu ba a cikin wanki, kuma suna fatan za mu sake zuwa. Hajiya Haifa ta ajiye kofinta ta sulale gida. Yanzu haka ko dai wani ƙato yana can kwance a kan likkafanina da yashi a ƙafarsa, ko kuma sun ga ba shi da kalmasa sun yayyanka suna goge tebur da shi. Malam yana Shara'i cikin nasa, ankon da ya yi mana alkawari ya watse a injin wanki. Na nuna wa Marwan ƙofa, ban kuma sake amsa sallamarsa ba.

Tun daga nan yake aike. Yau Dalal ta kawo yadi mai tsada daga kasuwa, gobe mai kai kaya ya hauro da galan-galan na zamzam ya jera mini a ƙofa. Duk na mayar. Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yanzu yana ganin abu ne da ake latsa waya a aiko. Ban yi masa baki ba, Allah Ya kiyaye, kuma ba zan yi ba. Amma da saƙonki ya zo na zauna na yi tunani, na kira Dalal na ba ta saƙo. Na ce in yana son in dube shi, ya zo da kansa da farin alawayyo a kafaɗa, wanda zai ishi mutum biyu. Ya je ya ɗebo zamzam da hannunsa ya hauro da shi bene. Zan auna shi yadda aka auna ni, a yaga, a wanke, rabi nawa rabi nasa, ya kai nasa gida ya ajiye kusa da jallabiyoyinsa inda zai riƙa gani kullum in zai fita aiki. A nan ne zai san ko yadi ne kawai. Dalal ta fashe da kuka wai ina yi wa mijinta mugun fata, na ce ni da na ajiye nawa tun ina amarya ga ni nan har da jikoki. Saƙon ya kai, shi kuwa shiru. Na san ɗana, ba zai zo ba.

Na ajiye biro a nan shekaranjiya, ina nufin in rufe takardar da gaisuwa. To ya zo. Yau da safe na ji ana jan abu mai nauyi a matakala ana tsayawa ana hutawa. Na buɗe ƙofa na gan shi sharkaf da gumi, jarka a kowane hannu, bandir a kafaɗa, shi kaɗai. Ban yi masa sannu ba. Na nuna masa tsakar ɗaki, ya shimfiɗa yadin a kan darduma, ya cire takalmi ya kwanta a kai ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Na daka masa tsawa na ce ya buɗe idonsa. Na durƙusa na fara aunawa da kamu tun daga saman kansa. A nan na ga furfura ta fito masa a gemu ban sani ba, na ga tabon goshinsa na faɗuwar da ya yi daga keke yana yaro. Da hannuna ya iso ƙirjinsa na ji zuciyarsa tana bugawa da sauri. Mujahida, ni na kawo sharaɗin nan da bakina, amma ban taɓa tsayawa na hango cewa ɗana zan gani a miƙe a kan farin yadi ba. Na janye hannuna. Na ce ya tashi, na fasa.

Ya ƙi tashi. Yana kwance yana kallon rufin ɗaki ya yi mini magana da Hausa tsantsa, babu Larabci ko ɗaya, abin da rabona da ji daga bakinsa tun yana ƙarami. Ya ce in ƙarasa. Ya ce a can bakin teku ya riga ni gane yadin, tun lokacin da aka ɗaga shi iska ta kawo masa ƙamshin, domin ƙamshin ranar da ya naɗe babansa ne. Ya ga ina kwance a ƙarƙashinsa ido a rufe, sai ya kasa motsi, ya yi ta fatan kada in farka sai an sauke. Ya ce da ya ce yadi ne kawai, so yake ya zama yadi ne kawai. Na ce masa wannan bai dawo mini da nawa ba, ya ce ya sani. Na ƙarasa awon har tafin ƙafarsa ina hawaye ina yi masa faɗa. Shi ya auna ni, shi ya sa haƙori ya ɓara bakin yadin, ya yage shi. Muka hau saman bene muka wanke a baho, hannuwansa duk sun yi ja saboda bai saba matsa wanki ba.

A saman benen nake ƙarasa miki wannan takarda. Suna nan a kan igiya su biyu, na cika su da abin maƙale shanya ta ko'ina, na kuma kafa kujera ina gadi don kada iska ta taɓa mini su. Kada ki yi saurin kiransa ki ce na huce, ban huce ba, da saura. Na Malam ba shi da ɗan'uwa kuma a duniya, wannan ba abin da zai gyara shi. Kuma duk wanda ya sake zuwa mini da hoton ruwa shuɗi a waya, sai na kwaɗa masa wayar a ka.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdulwadud da kyau, ki gaida Khadijatu da mijinta, da Taha da amaryarsa, da duk jikoki har na goye. Ki gaida mutanen gidanmu na cikin gari, ki ce ina sa su a addu'a duk lokacin da na shiga Harami. Dalal da Raghad suna gaishe ki, Hajiya Haifa ma ta ce in miƙa tata. Ke kuma abu ɗaya nake roƙon ki, tunda kin iya shiga tsakani. Nasa ya fi nawa tsawo, ina ta kallonsa tun safe. Ki taya ni roƙon Allah a kowace sujada, Ya sa nawa za a fara buɗewa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Hure